Sawun Jiragen Farko: Daga Unguwa Uku Zuwa Dover da Croydon

Uwargida ta riga ni tafiya da wata biyu, saboda wankan jegon ɗiyarmu da ke aikin jinya a Landan. Ni sai da aka yi dogon hutu a makaranta, wajen ƙarshen Yuli, sannan na ɗaura niyya. Ganin jika shi ne dalili na farko. Na biyun kuwa ya daɗe a raina. Shekara 28 ke nan ina tsayawa gaban allo ina zana wa yara fiffiken jirgi, ina nuna musu yadda iska ke ɗaga ƙarfe mai nauyin tirela goma, amma jiragen da aka fara wannan al'amari da su ban taɓa ganinsu ba sai a hoto. Na tashi kusa da filin jirgin Kano, inda ƙarar jirgi kan katse mana karatun allo. Kakana kuma a ƙafa ya je Makka, sai da ya shekara bakwai ya dawo. Tsakanin tafiyarsa da tawa akwai waɗansu mutane da suka ɗora rayukansu a kan katako da ƙyalle suka hau sama. Su na je nema.

Na bar gida bayan sallar asuba, na shiga mota a tashar Unguwa Uku, naira 9,000 zuwa Kaduna. Shingayen jami'an tsaro sun kai goma. A mafi yawansu ɗaga hannu kawai direba ke yi, amma a ɗaya, bayan Zariya, aka ce a buɗe but. Jami'in ya sunkuya kan jakata ya ce, "Baba, mene ne a ciki haka?" Na ce daddawa ce da kuka da yaji, mai jego za a kai wa. Ya yi murmushi ya ce Allah ya raya. Kilishi ne kaɗai babu a jakar, don Mamana, wato ɗiyar tawa mai sunan mahaifiyata, ta ja mini kunne a waya: "Baba, don Allah kada ka sako nama ko kaɗan, ƙwacewa za su yi." Daga Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Idu, na kwana gidan ƙanina a Kubwa, washegari da safe jirginmu ya ɗaga.

Awa shida da rabi muka yi a sama. Na roƙi kujerar gefen taga, kuma ban ɗauke ido daga kanta ba tun da kore ya ƙare, rairayi ya fara. Duwatsu baƙaƙe, sai tudun yashi, sai wani fili fari fat da ba ka ganin ko bishiya ɗaya. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin jirgin ne. Da na waiwaya, kusan kowa barci yake yi. Wata mata ta lulluɓa da bargo, jaririnta a ƙirji, mutumin da ke kusa da ni har da minshari. Muna kilomita 11 a saman Sahara, sanyin waje zai iya kashe mutum cikin ɗan lokaci, ga mutane kusan 300 sun saki jiki kamar a ɗakin uwarsu. Na ce a raina, wannan barcin ba a banza aka same shi ba, wasu ne suka biya kuɗinsa.

A Heathrow na yi fiye da awa ɗaya a layin shige da fice. Jami'ar ta tambaye ni inda zan sauka, da kwana nawa zan yi, ta duba tikitin komawata, ta miƙo mini fasfo. Surukina yana jira a waje. Muka hau bas mai lamba SL7 wadda ke zuwa Croydon kai tsaye, fam 1.75 duk da nisan, sai dai ba a karɓar tsabar kuɗi, kati ake dangwalawa. Gidansu ɗaki biyu ne da falo a hawa na biyu, kuma kuɗin hayarsa na wata ɗaya ya fi albashina na shekara. Maƙwabcinsu na ƙofa da ƙofa, har na baro garin gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga kai ba. Daren farko uwargida ta tuƙa tuwo da miyar kukar da na kawo, aka ɗora mini jikana a cinya na yi masa addu'a. Magariba sai wajen ƙarfe tara, asuba kuma kafin ka gama juyi ta yi. Sai da na kwana huɗu jikina ya gane.

Ranar Alhamis na fita ni kaɗai zuwa gidan tarihin kimiyya da ke South Kensington. Shiga kyauta ce. Na wuce duk sauran ɗakunan na hau hawa na uku, inda aka rataye jirage a rufi kamar ƙwarya a ragaya. Akwai wata 'yar gada da aka yi a tsakiya don mutum ya je dab da su. A nan na tsaya gaban Vickers Vimy, jirgin da John Alcock da Arthur Brown suka ƙetare tekun Atlantika da shi ba tare da sauka ba, daga St John's a Newfoundland ranar 14 ga Yuni 1919, zuwa Clifden a ƙasar Ayalan washegari. Gani ya kori ji. Fukafukansa biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, an ɗaure su da sanduna da wayoyi, an rufe da ƙyalle. Wurin zaman matuƙan a buɗe yake, ba rufi, faɗinsa bai fi bencin makaranta ba. A haka suka yi kusan awa 16 cikin hazo da ƙanƙara, rediyonsu ta mutu tun farkon tafiya. Da suka hango wani fili kore suka ɗauka makiyaya ce, ashe fadama ce, jirgin ya kafe hanci a taɓo. Sun ci kyautar fam 10,000 da jaridar Daily Mail ta sa. Wata shida bayan nan Alcock ya faɗo da wani jirgi a Faransa ya mutu.

Can gefe ga ɗan ƙaramin jirgin Amy Johnson, mai suna Jason. Sakatariya ce a ofishin lauyoyi, ta koyi tuƙi da kanikanci a lokacin hutunta, ta sayi jirgi na hannu, ta tashi ita kaɗai daga Ingila ranar 5 ga Mayu 1930, ta sauka Darwin a Ostireliya ranar 24 ga wata. Shekararta 26. Akwai kuma kwaikwayon jirgin 'yan uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, wanda ya tashi ranar 17 ga Disamba 1903 ya yi daƙiƙa 12 a sama, nisan mita 37. Na ainihin ya zauna a wannan gida daga 1928 zuwa 1948 kafin a mayar da shi Amurka. Masu shagon keke ne, babu wanda ya yi jami'a a cikinsu. Na tuna yaran da nake gani a garejin unguwarmu, masu haɗa injin daga tarkace, waɗanda muke yi wa kallon ba su yi karatu ba, sai na ji nauyi a ƙirjina.

Ranar Asabar surukina ya samu hutu muka tafi Dover. Daga tashar St Pancras jirgin ƙasa mai gudu ne, awa ɗaya da 'yan mintoci ta Ashford, kusan fam 40 kowannenmu zuwa da dawowa. Daga tashar Dover muka hau tudu a ƙafa. Tudun ba wasa ba ne, sau uku ina tsayawa in huta, yana cewa, "Baba, ko mu nemi tasi?" Na ce a'a. Muka zagaya bayan tsohuwar ganuwar garin, muka bi wata 'yar hanya cikin itatuwa. Ba mai gadi, ba mai sayar da tikiti. Sai ga shi a ƙasa: siffar jirgi an shimfiɗa ta da duwatsu a cikin ciyawa, daidai inda Louis Blériot, mutum na farko da ya ƙetare mashigin tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila a jirgin sama mai inji da fukafukai, ya sauka da safiyar 25 ga Yuli 1909. Na taka tsawonsa, taku goma sha ɗaya ya ƙare.

Na zauna a bakin dutsen na ba surukina labarin, don shi akawu ne, bai taɓa ji ba. Blériot Bafaranshe ne da ya yi arziki da ƙera fitilun mota, ya kuma narkar da dukiyar a ƙera jirage, yana faɗuwa yana tashi. Ranar da zai ƙetare, da sanduna yake dogarawa, saboda bututun hayaƙin injin ya ƙone masa ƙafa a wani tashi da ya yi kafin nan. Injinsa silinda uku ne, ƙarfin doki 25, ƙaramar motar haya ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ba shi da kamfas. Sharaɗin gasar ƙetare mashigin shi ne a tashi bayan fitowar rana, don haka rana na ɓullowa ya tashi daga kusa da Calais. Jirgin ruwan yaƙi na Faransa yana biye da shi, matarsa a ciki, amma nan da nan ya wuce shi. Ya yi kamar minti goma ba ya ganin ƙasa, ba ya ganin jirgin ruwa, daga shi sai ruwa da hazo. Da ya hango gaɓar Ingila, iska ta riga ta karkatar da shi gabas, sai ya bi gefen fararen duwatsun allin nan har ya ga wani ɗan jarida ɗan ƙasarsu yana kaɗa masa tuta a wani kwari. Ya kashe injin ya faɗo da ƙarfi, farfela ta karye, ƙafafun jirgin suka lanƙwashe. Minti 36 da rabi. Kyautar fam 1,000 ce. Ba a jima ba jami'an kwastan suka iso wurin, kamar yadda suke tarar kowane jirgin ruwa da ya shigo.

Wanda na fi tausayi a labarin shi ne abokin takararsa, Hubert Latham. Shi ya fara gwadawa ranar 19 ga Yuli, injinsa ya mutu, ya sauka a kan ruwa, aka tsamo shi yana zaune bisa jirginsa yana shan sigari. Ranar da Blériot ya tashi, shi yana barci, mutanensa ba su tashe shi a kan lokaci ba. Kwana biyu bayan haka ya sake gwadawa, ya sake faɗawa ruwa yana hango Dover. A 1912 ya tafi farauta ƙasar Chadi, ya mutu kusa da Fort Archambault, garin da ake kira Sarh a yau, rahoton hukuma ya ce ɓauna ce ta kashe shi. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, in ji mutanenmu, amma shi wannan ya hau har sau biyu, rabon ne bai zo ba.

Muka gangaro bakin teku, inda mutum-mutumin Charles Rolls yake tsaye yana fuskantar ruwa. Shi ne na kamfanin Rolls-Royce. A Yunin 1910 ya je Faransa ya dawo ba tare da sauka ba, a watan Yuli jelar jirginsa ta karye a sama a Bournemouth ya mutu. Daga yankin nan ne kuma Ba'amurkiya Harriet Quimby ta tashi ranar 16 ga Afrilu 1912, mace ta farko da ta tuƙa jirgi ta ƙetare mashigin, amma jaridu ba su kula ta ba don Titanic ya nutse kwana ɗaya kafin nan. Muka sayi soyayyen kifi da dankali, fam 11 kowanne, muka zauna kan benci. Kifin yana da daɗi, sai dai ba barkono ko ƙanƙani, na yi da-na-sanin barin yajina a gida. Rana ta buɗe, gaɓar Faransa ta fito fara-fara can nesa, tsakani bai fi kilomita 34 ba. Surukina ya nuna ruwan ya ce, "Baba, ta nan ne yaran nan suke ƙetarowa a kwalekwalen roba. Akwai 'yan Sudan da yawa a cikinsu. Wasu ba sa isowa." Na ajiye kifin. Ruwan da mutum ɗaya ya tsallake aka yi masa biki a ƙasashe biyu, shi ne yau yake cin 'ya'yan mutane da daddare ba wanda ya san sunansu. Har muka koma tasha ban iya cewa komai ba.

Tsohon filin jirgin Croydon ba a buɗe shi ga baƙi sai Lahadin farko ta kowane wata, kuma tun daga Kano na daidaita tafiyata da wannan rana. Daga gidan su Mamana bas biyu ne kawai, ta ƙarshen ta ajiye mu a titin Purley Way. Filin saukar yanzu ya zama gidaje da shaguna da wurin wasa, amma farin ginin da aka buɗe a 1928 yana nan da hasumiyarsa, ga wani jirgi ƙirar Heron an kafa shi a kan ƙarafa a bakin ƙofa, irin wanda ya yi tashin fasinja na ƙarshe daga nan ranar 30 ga Satumba 1959. Masu zagayawa da baƙi duk 'yan sa-kai ne, yawancinsu tsofaffi. Wanda ya ɗauki rukuninmu dattijo ne mai furfura, yana tafe a hankali, amma in ya fara magana sai ka ga idonsa ya kawo haske.

Ya fara da Hounslow Heath, wani fili da ke dab da Heathrow inda na sauka. Daga can ne aka fara jigilar fasinja ta kullum tsakanin ƙasa da ƙasa, ranar 25 ga Agusta 1919, zuwa Paris. Jirgin yaƙi ne aka gyara. Fasinja ɗaya ne a tashin farko, ɗan jarida, tare da jaridu da fata da waɗansu tsuntsaye masu kama da fakara da tukwanen kirim ɗin madara. Awa biyu da rabi, kuɗin kujera fam 21, abin da lebura zai yi watanni bai tara ba. A Maris 1920 aka dawo da harkar Croydon. Ya ce fasinjojin farko a kujerun kaba suke zama, a ba su auduga su toshe kunne, a ba su bargo, matuƙi kuma yana waje iska na dukansa. A zauren sayar da tikiti ya nuna mana inda ake ɗora kowane fasinja a sikeli. Kai da kayanka kilo 100 aka yarda, in ka haura ka biya. Wata mata a rukuninmu ta yi dariya, amma lissafi ne na rai da mutuwa, domin injinan lokacin kilo kaɗan ke raba su da kasa tashi.

Da muka hau hasumiya ne na samu abin da na zo nema, ko da yake ban san shi nake nema ba. Dattijon ya ce a farkon zamani matuƙi da ido yake tafiya. Layin dogo yake bi, har aka rubuta sunayen tashoshi da manyan baƙaƙe a kan rufinsu don a karanta daga sama, ciki har da Ashford da muka wuce jiya. A Faransa kuma titi suke bi. Ranar 7 ga Afrilu 1922, cikin hazo, jirgi ɗaya ya taso daga Croydon, ɗaya daga Paris, kowanne ya sauko ƙasa-ƙasa yana bin titi ɗaya don kada ya ɓata. Suka yi karo gaba da gaba a arewacin Faransa. Mutum bakwai suka mutu, har da ango da amarya 'yan Amurka da wani yaro mai hidimar fasinja. Bayan wannan ne aka zauna aka ce kowa ya riƙa bin dama da abin da yake bi, aka ware hanyoyi, aka matsa a sa rediyo a jirage. Ya nuna mana teburin taswira mai zare. In matuƙi ya ɓata sai ya yi magana a rediyo, tashoshi uku, Croydon da Lympne da Pulham, kowacce ta auna ta inda muryar ta fito, a ja zare uku a kan taswira, inda suka haɗu nan jirgin yake. Na tsaya ina kallon zaren nan. Lissafin kusurwa ne da nake koyar wa 'yan aji huɗu, suna hamma suna tambayata amfaninsa. Kalmar Mayday ma, da matuƙa ke faɗa in suna cikin haɗari, wani jami'in rediyo na nan, Frederick Mockford, shi ya ƙirƙiro ta daga kalmar Faransanci mai nufin a taimake ni, don matuƙan ƙasashen biyu su gane ta.

Sai na fahimci barcin mutanen cikin jirginmu. Jarumtar su Blériot ita ta buɗe ƙofa, amma ba ita ta sa uwa ta yi barci da jaririnta a saman Sahara ba. Sikelin nan ne, da zaren nan, da dokar bin dama, ƙananan ƙa'idoji da kusan kowacce sai da aka binne wani kafin a rubuta ta.

Da aka gama zagaye dattijon ya tambaye ni daga ina nake. Na ce Kano, a Najeriya. Ya riƙe hannuna ya ce in jira. Ya dawo da wani fayil, ya buɗe kwafin taswirar hanyoyin kamfanin Imperial Airways, wanda aka kafa a 1924 kuma Croydon ce gidansa. Ya ɗora yatsa a Landan ya fara ja: Paris, daga nan a shekarun farko fasinja jirgin ƙasa yake hawa har Brindisi a Italiya, sai jirgin da ke sauka a kan ruwa ya tsallaka da shi Iskandariyya, sai Alƙahira, sai a bi kogin Nilu zuwa Khartum. A Khartum layin ya rabu. Babban ya yi kudu zuwa Cape Town, wani siriri ya yi yamma. Na karanta da kaina: Al'ubayyid, Fashir, Janaina, Fort Lamy (N'Djamena ta yau), Maiduguri, Kano. A Fabrairun 1936 aka buɗe wannan reshe da jirgi mai inji huɗu ƙirar DH.86, wasiƙu ne mafi yawan kayansa, kafin shekarar ta ƙare aka miƙa shi Legas.

Gwiwoyina suka yi sanyi, na nemi kujera. Waɗannan sunaye ba a littafi na fara jin su ba. A bakin kakana na ji su, a zaure bayan sallar isha, yana lissafa inda suka yi damina, inda jakinsu ya mutu, inda ya yi shekara biyu yana ɗinkin hula don ya tara guzuri. Hanyar alhazan ƙafa ce. Ita jirgin ya bi, gari bayan gari. Na gaya wa dattijon haka, na kuma gaya masa cewa tun kafin wannan, ranar 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku na sojan saman Ingila ƙarƙashin Arthur Coningham sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira suka sauka a filin dawakai na Kano, zamanin Sarki Usman, kuma su ne jiragen farko da mutanen garinmu suka gani. Ya ce ya san labarin Coningham a yaƙin duniya na biyu, amma bai taɓa haɗuwa da mutumin Kano ba. Ya shiga ofis ya ɗauko mini hoton taswirar a takarda, na ciro kuɗi ya ƙi karɓa, sai na zuba fam 10 a akwatin taimako da ke bakin ƙofa.

Sauran kwanakin na jika ne da masallacin titin London Road da kasuwar Surrey Street, inda na ga doya da ɗan karen tsada. Na dawo ta Abuja, na hau jirgin cikin gida zuwa Kano, minti 50.

Kwana biyu da dawowata na shiga cikin gari gaida Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ita kaɗai ta rage a 'ya'yan kakana. A hanyar Makka aka haife ta, a Fashir, shekara ɗaya bayan buɗe wancan layi. Na kai mata turare da man zafi, sannan na zaro takardar na shimfiɗa a kan tabarma. Idonta ya yi rauni, don haka na kama yatsanta na ɗora a kan layin ina karanto mata sunayen. Da na ce Janaina ta ce, "Kafin nan akwai Abashe, Inna ta ce a can aka yi musu sata." Da na zo Fashir ta riƙe yatsan a wurin ba ta bari na matsa ba.

"Kana nufin ina goye jirgi yana wucewa ta kanmu?"

Na ce, "Ƙwarai, Gwaggo, duk mako."

"Mutum nawa yake ɗauka?"

"Kamar goma."

Ta yi shiru. Ta ce ayarinsu da suka dawo ya fi mutum ɗari, ban da jakuna, kuma yayarta a hanyar aka binne ta, tsakanin Fashir da Janaina, ba wanda zai iya nuna wurin yanzu. Ta tambaye ni ko gaskiya ne abin da take ji a rediyo, cewa yaƙi ya cinye garin. Na ce gaskiya ne. Ta shafa takardar da tafin hannunta, ta ce in bar mata ita, za ta sa a cikin adudunta. Na ce na bar mata. Har na miƙe zan yi sallama ta ce, "Zauna tukuna. Sake karanto mini sunayen nan, a hankali."